Gaskiya da Jita-Jita: Tsokaci a Kan Harshen Jakadanci da Kafuwar Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo

1.0 Gabatarwa

A watan Janairu 1939 ne Hukumar Talifi da ke Zariya, a ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, Malam Abubakar Imam kuma shi ne editanta na farko. Bayanin da aka saba bayarwa game da kafuwarta shi ne, an yi ta ne domin kashe jita-jitar da ta game ƙasa cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Hitila. Wannan maƙala ba ta musun haka. Abin da take ja a kai shi ne yadda manazarta kan karɓi kalmar "jita-jita" daga bakin hukuma ba tare da auna ta ba. Rahotannin jakadun Turai na 1937 da 1938 sun nuna cewa maganar tana da tushe, kuma musun da hukuma ta yi an gina shi ne da irin harshen da kan sauya ma'ana a hannun mai fassara.

2.0 Abin da Takardun Jakadu Suka Nuna

Yarjejeniyar Basai ta 1919 ta raba Jamus da ƙasashen da take mulka a Afirka. Kamaru na cikinsu, kuma ɓangaren arewacinta da ya faɗo hannun Ingila an haɗa mulkinsa da lardunan Arewa, musamman Adamawa da Borno. Saboda haka duk maganar mayar wa Jamus da kayanta magana ce da ta shafi sarakuna da talakawan da ke cikin tsarin mulkin Nijeriya ta Arewa.

Ranar 19 ga Nuwamba 1937 Lord Halifax ya gana da Hitila, kuma batun ƙasashen mallaka na cikin abin da suka tattauna. Ranar 3 ga Maris 1938 jakadan Ingila a Balin, Nevile Henderson, ya kai wa Hitila tayin gwamnatin Chamberlain na a sake fasalin mulkin tsakiyar Afirka yadda Jamus za ta sami rabo. Tayin bai fayyace ƙasashen da za a bayar ba. Hitila bai nuna ɗoki ba, domin hankalinsa na kan Ostiriya, wadda ya haɗiye cikin kwana goma da wannan ganawa. Bayan yarjejeniyar Munik ta 30 ga Satumba 1938, da ziyarar ministan Afirka ta Kudu Oswald Pirow zuwa manyan biranen Turai a ƙarshen shekarar, maganar ta sake tashi a jaridu, har 'yan boko a Ikko suka yi taron nuna ƙin yarda. Yawancin waɗannan takardu ba su fito fili ba sai bayan yaƙi, wasu ma sai da dokar 1967 ta rage wa'adin rufe takardun gwamnatin Ingila daga shekara 50 zuwa 30.

Ke nan, mai cewa za a ba da Nijeriya ya yi kuskure a kan sunan ƙasa, amma bai yi kuskure ba da ya ce ana cinikin ƙasashen Afirka a bayan idon masu su.

3.0 Harshen Musu da Matsalar Fassara

Ranar 7 ga Disamba 1938 Sakataren Ƙasashen Mallaka, Malcolm MacDonald, ya shaida wa majalisar Ingila cewa batun miƙa ƙasa ba ya cikin siyasar da ake aiki da ita a yanzu. Nauyin wannan jawabi duk yana kan kalmar "yanzu". Jawabin bai ce ba a taɓa yin tayi ba, bai kuma rufe ƙofar gobe ba. Wannan shi ne salon jakadanci: a zaɓi lokacin aikatau da zai sa jimla ta zama gaskiya ba tare da ta ɗaure mai faɗar ta ba.

Nahawun Hausa ya rarrabe waɗannan lokuta sarai. A dubi jimloli uku:

(a) Ba a yi maganar ba da ƙasa ba.
(b) Ba a maganar ba da ƙasa.
(c) Ba za a ba da ƙasa ba.

Jimla ta (a) korewa ce a shuɗaɗɗen lokaci, kuma bisa takardun da aka ambata ƙarya ce. Ta (b) korewa ce a lokaci mai ci, ita ce kuma ta dace da abin da MacDonald ya faɗa. Ta (c) korewa ce a lokaci na gaba, wato alkawari ne, kuma ita ce talaka yake son ji. Jaridar da aka kafa don kwantar da hankali dole ta karkata zuwa (c), ko da majiyarta ta tsaya a (b). Haka kuma lamirin "a" da ke cikin jimlolin uku yana ɓoye mai aikatawa, yadda mai karatu ba zai san ko Gwamna Bourdillon ne a Ikko ko majalisar Landan ce ta ɗauki alkawarin ba.

Akwai kuma ƙwayar "wai", wadda Bahaushe kan sa don nisanta kansa daga abin da ya jiyo. Da zarar marubuci ya sa "wai" a gaban maganar kasuwa, ya cire ta daga gaban maganar Gwamna, to ya yanke hukunci a tsakaninsu tun kafin ya kawo hujja. Sunan jaridar kansa ya yi irin wannan aiki: ya keɓe kalmar "gaskiya" ga abin da aka buga aka sayar kwabo ɗaya.

4.0 Masu Karatu: Misalin Kafanchan

Garin Kafanchan ya isa misalin inda irin waɗannan maganganu ke karo da juna. Tun 1927 ya zama mahaɗar jirgin ƙasan da ya taso daga Fatakwal zuwa Kaduna da reshen da ya nufi Jos. Ma'aikatan jirgi da akawuna daga Kudu suna iya karanta jaridun Ingilishi irin su West African Pilot, wadda Nnamdi Azikiwe ya kafa a 1937. Hausa kuwa ita ce harshen kasuwa tsakanin Fantswam da Bajju da Atyap da mutanen Kagoro, kuma fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932 ta ƙara yawan masu karatun boko a makarantun mishan na yankin. A irin wannan wuri, mai karanta Gaskiya ba shi da majiya ɗaya tal. Yana da abin da zai gwada ta da shi.

Ba kuma taɗin banza yake saurare ba. Jamus ta auka wa Folan ranar 1 ga Satumba 1939, Ingila ta shiga yaƙi ranar 3 ga wata. Bayan Jafan ta ƙwace Malaya a 1942, aka ɗora wa lardunan Arewa aikin tilas a ma'adinan kuza na Jos har zuwa 1944, aka kuma kai sojojin Nijeriya Bama. Abin da jakadu suka rubuta a asirce ya ƙare ne a wuyan waɗannan mutane.

5.0 Kammalawa

Wannan sharhi ba ya rage darajar Abubakar Imam, wanda ya aza harsashin rubutun jarida na Hausa yana aiki da labaran da hukuma ta ga damar ba shi. Abin da ake nema shi ne a daina nazarin Gaskiya ta farko ta fuskar daɗin salo da daidaita rubutu kaɗai. Ya kamata a ajiye fitowarta ta Janairu zuwa Satumba 1939 kusa da rahotannin Henderson da muhawarorin majalisar Ingila na watannin, a bi su jimla-jimla, a lura da lokacin aikatau da lamiri da wurin da "wai" ta faɗo. Ta haka ne za a gane inda edita ya bi majiyarsa, da inda Hausa ta tilasta masa fayyace abin da harshen jakadanci ya bari a dunƙule.