Takardar Shaida ko Gwaninta? Sharhi a Kan Ma'aunin Ɗaukar Ma'aikata a Kwarin Rima

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi nazarin ra'ayin nan da ke cewa a ɗauki ma'aikaci bisa abin da ya iya, maimakon takardar da ya riƙe. Tun a 1976 Ronald Dore, a littafinsa The Diploma Disease, ya nuna cewa ƙasashen da suka makara wajen ci gaba sun fi dogara da takardar shaida wajen rabon ayyuka, har neman takardar ya kan danne neman ilmin kansa.

2.0 Hujjar Masu Wannan Ra'ayi

Duk wanda ya bi hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu ta Ambursa zai ga hujjarsu da idonsa. Bayan ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a 2015, da buɗe masana'antar shinkafa ta WACOT a Argungu a 2017, bukatar masu gyaran injin ban-ruwa da masu walda da direbobin tarakta ta ƙaru. Da yawa daga cikinsu a gaban maigida suka koyi sana'a. Idan aka gindaya sharaɗin difloma, an rufe musu ƙofa ke nan, alhali su ne ke riƙe da fadama. Hukumar NBTE, wadda aka kafa a 1977, ta fito da tsarin NSQF domin a jarraba irin waɗannan gwanaye a ba su shaida, kamar yadda aka yi wa masu sana'a na kasuwar Panteka a Kaduna.

3.0 Inda Ra'ayin Ya Yi Rauni

Sai dai akwai abubuwa uku da ya kamata a yi hattara da su. Na farko, shaidar gwaninta ita ma takarda ce. Muddin mai ɗaukar aiki bai sa mai nema ya kwance inji ya ɗaure a gabansa ba, cutar da Dore ya ambata ta dawo da sabuwar riga.

Na biyu, wane ne zai yi jarrabawar, kuma da wane harshe? Idan da Ingilishi za a yi, to almajirin da ya ƙware a walda da macen da ta gwanance a turara shinkafa a cikin gida an sake barin su a baya. Haka kuma takardar makaranta, duk da aibinta, ma'auni ce a fili. Idan aka ɗauke ta ba tare da an kafa gwaji na gaskiya ba, sanayya ce za ta gaje ta, mai uwa a gindin murhu ya ci gaba da cin tuwonsa da miya.

Na uku, gwanintar yau ba ta isa gobe. Makanikin da ya saba da injin fetur, idan famfon hasken rana ya shigo fadama, sai ya iya karatu da lissafi kafin ya bi zamani.

4.0 Kammalawa

Don haka, shawararmu ita ce makarantu irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi da Kwalejin Ilmi ta Adamu Augie a Argungu su shiga aikin: a yi gwaji da hannu, cikin Hausa, tare da shugabannin sana'a, a kuma haɗa shi da ajin yaƙi da jahilci. Ta haka ne kawai ɗan gareji zai tsaya sahu ɗaya da mai difloma a ranar ɗaukar aiki.