Uku da Uku a Kano: Bitar Wasan Ƙarshe na 2010

Akwai wasan da ake mantawa da shi kafin a kai bakin ƙofar fili, akwai kuma wanda ake ajiyewa kamar rigar Sallah. Wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale na shekarar 2010, wanda Kaduna United ta buga da Enyimba ta Aba a filin Sani Abacha da ke Kano, yana cikin kashi na biyu. Har yau in ka zauna wajen mai shayi a Kakuri ko Barnawa cikin garin Kaduna aka taɓo zancen ƙwallon gida, da wuya a watse ba a ambace shi ba.

Dubi wadda aka tunkara. Enyimba ce ke riƙe da kofin tun 2009, ita ce ta lashe gasar firimiya ta wannan kaka, ga kofin zakarun Afirka biyu a ɗakinta, na 2003 da na 2004. Ƙaramar ƙungiya in ta gamu da irin wannan giwa, abin da aka saba gani shi ne ta tare a gida, ta cika baya, ta yi ta ɓata lokaci. Yaran Maurice Cooreman, kocin Kaduna United, ba su yi haka ba. Kocin, ɗan ƙasar Beljiyam, ya taɓa horar da Enyimba, ya san ciki da bai ɗinta, kuma ya yarda cewa ragarta ma raga ce. Sau uku aka zura mata ƙwallo. Wannan ƙarfin hali shi ne kyawun wasan, shi ne kuma abin da nake yabo.

Sai dai yabo ba ya hana faɗin gaskiya. Ƙungiyar da ta ci uku amma ta kasa yin nasara kafin a busa tashi, to bayanta na yoyo. Bugun fenareti, wanda aka tashi uku da biyu, ya ba Kaduna kofi, amma ni ban taɓa ɗaukarsa gwanintar ƙungiya ba. Gwajin zuciyar mutum ɗaya ne.

Mu mazauna kudancin kogin Kaduna, abin ya taɓa mu ta wata fuska. Ranchers Bees, wadda ta kai wasan ƙarshe na wani kofin ƙungiyoyin Afirka a 1988 ta sha kashi a hannun Bizerte ta Tunisiya, ta kuma ɗauko kofin WAFU a 1989, asalinta DIC Bees ce, ƙungiyar masana'antar ƙera makamai da ke nan Kakuri. A cikinta Daniel Amokachi ya yi fice kafin ya tafi Turai. Ƙwallon garin nan a gindin masana'antu ta girma. Zuwa 2010 kuwa, injinan masaƙu sun yi shiru, dubban magidanta na zaune ba aiki. A irin wannan lokaci ne kofi ya shigo gari.

Shekara ta zagayo, Kaduna United ta kai matakin rukuni a Kofin Confederation na Afirka. Daga nan al'amura suka yi ta ja da baya har ta faɗo daga firimiya. Yaran da ke buga ƙwallo da yamma a filayen Makera da Narayi, da yawansu ba a ma haife su ba ranar da aka yi uku da uku a Kano.