Fafe Gora Ranar Tafiya: Tsokaci Kan Yadda Muke Tafiyar Da Wasanni

A shekarar da na yi bautar ƙasa, an tura ni wata makarantar sakandare ta gwamnati. A jadawalin darussa akwai minti 40 da aka ware wa motsa jiki, amma har na gama ban ga an fitar da ɗalibai fili domin wannan darasi ba. Duk sa'ad da lokacinsa ya zo, sai malamin lissafi ya karɓe don cike abin da ya rage masa, ko a bar yara su yi ta surutu. Ana saura mako uku gasar gidaje ta shekara, sai makaranta ta ɗauki harama: aka ja layuka da toka, aka ɗinka riguna, aka yi hayar rumfuna, aka buga katin gayyata. Ranar gasa, 'yan mata biyu suka yanke jiki suka faɗi a tseren mita 400, domin ba su taɓa zagaya filin a guje ba sai ranar. Manyan baƙi suka yi jawabi, aka raba kofuna, aka naɗe rumfuna. Washegari fili ya koma hannun awaki.

Abin da na gani a can shi ne hoton yadda ake tafiyar da wasanni a Nijeriya baki ɗaya. Mun ɗauki wasa a matsayin biki, alhali kuwa noma ne. Biki yini ɗaya ake yi, kowa ya gani. Noma kuwa sai da shara da shuka da ciyawa, a lokacin da babu mai kallo balle tafi.

Ba hazaƙa muka rasa ba. A gasar Olamfik ta Atalanta a 1996, Chioma Ajunwa ta ci zinare a dogon tsalle, 'yan ƙwallonmu ma suka ci, cikinsu har da Garba Lawal da Tijjani Babangida, 'yan Kaduna. Sau biyar muka ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17. Amma a Landan a 2012 da Faris a 2024, ko tagulla ba mu samu ba. A Tokiyo an hana 'yan wasanmu goma shiga gasa saboda ba a yi musu adadin gwajin ƙwayoyi da doka ta tanada ba. A Faris kuma Favour Ofili ta cancanci tseren mita 100, sai aka tarar ba a shigar da sunanta ba. Ba a fagen gudu aka kayar da waɗannan ba, a kan tebur aka kayar da su. Martanin hukuma a ƙarshen 2024 shi ne soke ma'aikatar wasanni da maido da Hukumar Wasanni ta Ƙasa. Sauya allon ƙofa ba laifi ba ne, sai dai ba ya kai yaro ko ɗaya fili.

Me ya sa muka fi son biki? A ganina, domin shi ne ke da riba ga mai riƙe da kujera. Gyaran babban filin wasa kwangila ce, ana yanke ƙyalle, ana ɗaukar hoto. Albashin malamin motsa jiki, da ƙwallo goma, da yankan ciyawa duk wata ba sa shiga labarai. Kano da Kaduna da Bauchi sun karɓi baƙuncin wasannin kofin duniya na matasa a 2009, amma wannan bai hana filayen makarantu da na unguwanni ci gaba da zama shaguna da filotai ba.

Za a ce makarantar da ba ta da kujeru da alli, ina ita ina wasa? Za a ƙara da cewa iyaye jarrabawa suke so a ci, ba tsalle-tsalle ba. Maganar farko tana da nauyi, amma ta ɗauka cewa wasa sai da kayan waje masu tsada. Langa ba ta buƙatar komai sai ƙafa ɗaya da fili. Kokawa yashi take so. Gaɗa, wadda ta motsa jikin iyayenmu mata a dandali, tafi da murya ne jarinta, kuma za ta buɗe ƙofa ga 'yan matan da ake bari a inuwa suna kallo. Magana ta biyu kuwa ta manta cewa hawan jini da ciwon suga da ke cin manyanmu suna da alaƙa da zaman wuri ɗaya, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Maƙwabtanmu na Nijar sun nuna hanya. Tun 1975 da aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, ake zagayawa da ita jiha-jiha, kowace daga cikin jihohi takwas ta kawo zaratanta goma don neman takobi. Ita ma biki ce, amma biki mai saiwa: kafin ɗan kokawa ya kai wannan fage, ya sha ƙasa a dandalin ƙauyensu bayan kaka, ya tsallake tankaɗe da rairaya a matakin jiharsu. Tsani ne mai matakala, ba tsalle daga ƙasa zuwa rufi ba.

Saboda haka ma'aunin da ya kamata a auna shugaban makaranta ko kwamishinan wasanni da shi ba yawan kofuna ba ne. A tambaye shi: yara nawa suka yi gumi a wannan mako? Wa ya koyar da su, kuma an horar da shi? Filin da ya gada yana nan da faɗinsa? Ranar da waɗannan tambayoyi suka shiga takardar mai duba makarantu, minti 40 ɗin nan za su koma hannun masu su.

Har yau ina tuna ɗaya daga cikin 'yan matan da suka faɗi. Ita ce a gaba har mita 300. Gudun tana da shi. Mu ne muka fafe mata gora ranar tafiya.