Wasiƙa a Matsayin Makami: Sharhi kan Tallar V-Mail ta Amurka, 1942-1945

Manufar wannan sharhi ita ce duba hotunan talla da aka riƙa mannawa a Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, masu kiran jama'a su rubuta wa sojoji wasiƙa. Yawancinsu sun ginu ne a kan tsarin V-Mail da aka soma a watan Yunin 1942, bisa koyi da wani tsari na Ingila. Akan rubuta wasiƙar a kan takarda ta musamman mai shafi ɗaya, a ɗauki hotonta a siririn fim, a kai ta jirgin sama, sannan a wanke hoton a can. Ta haka wasiƙu 150,000, waɗanda dā sai sun cika buhu 37, suka koma buhu guda.

Gwanintar tallar tana cikin harshenta. Ba ta cika ambaton rundunar dubbai ba; soja ɗaya take nunawa, ta kira shi ɗanki ko mijinki, cikin sigar umarni. Wato ta ɗauko nauyin ƙasa ta ɗora a kan zumunci, har wadda ba ta rubuta ba ta ji kamar ta ci amana.

Amma a nan ne kuma rauninta yake. An shawarci mata su rubuta abin faranta rai, su ɓoye damuwar gida, yayin da wasiƙar sojan kuma sai ta bi ta hannun mai tacewa. Kowane ɓangare ke nan yana lallashin ɗan'uwansa, kuma shafi ɗaya bai isa a zazzage ciki ba. Haka nan, sojan da ke cikin hotunan kusan kullum farar fata ne, alhali bataliya ta 6888 ta mata baƙar fata, ƙarƙashin Manjo Charity Adams, ita ta warware tarin wasiƙun da suka maƙale a Birmingham a 1945.

Saboda haka, wajibi ne manazarcin da zai kafa hujja da waɗannan wasiƙu ya yi hattara. Fara'ar da ke cikinsu ba lallai ta zama shaidar kwanciyar hankali ba, domin tun kafin a ɗauki alƙalami talla ta riga ta shata wa marubuci iyaka. Sai an karanta wasiƙar tare da tallar da ta haife ta kafin a yanke hukunci.