Koya wa Tsohuwar Mustang Shan Kwana

A shekarun 1960 kamfanonin motoci na birnin Detroit a Amurka sun gano wata hanyar samun kuɗi mai sauƙi: a ɗauki bodin mota matsakaiciya, a cusa mata ƙaton inji mai silinda takwas, a sayar wa matasa. Pontiac GTO ta 1964 ce ta buɗe ƙofa, a shekarar kuma Ford ya fito da Mustang, Chevrolet ya mayar da martani da Camaro ta 1967, Dodge ya biyo da Challenger ta 1970. Motocin nan masu ƙwanji aiki ɗaya aka ƙera su su yi, wato su zabura a miƙaƙƙen titi. Tseren da aka fi gwada su a kai rubu'in mil ne, mita 402, ba kwana ko ɗaya.

To, a ɗauki irin wannan mota yadda ta fito daga kamfani a kai ta Road America da ke jihar Wisconsin, filin tsere mai tsawon kilomita shida da rabi da kwana goma sha huɗu. Kafin a je ko'ina birki ya fara wari, motar tana kwanciya gefe a kowace kwana, direba ya murɗa sitiyari amma hancinta ya ƙi bin umarni. Akwai makanikai a Amurka da suka mayar da gyaran wannan hali sana'arsu, kuma abin da ya fi burge ni game da su shi ne inda suke fara sa hannu. Ɗan koyo bonet yake fara buɗewa, yana neman ƙarin ƙarfi. Gwani kuwa shigewa ƙarƙashin mota yake yi, don ya san ƙarfi ne kaɗai abin da motar ba ta rasa ba.

Birki ne farko. Yawancin motocin zamanin sun fito da birki mai ganga, wanda ke riƙe zafi a cikinsa. A titi ba laifi, tunda mutum yakan taka sau ɗaya ya huta. A filin tsere kuwa ana taka shi da ƙarfi bayan kowane 'yan daƙiƙu, kuma idan gudu ya ninka biyu, zafin da birki zai haɗiye ninkawa huɗu yake yi. Sai a sa faifai mai ramukan iska a ciki, a jawo bututu daga gaban mota yana hura masa iska. Man birkin ma sai an sauya shi, domin mafi ƙarancin zafin da aka yarda na yau da kullum, DOT 3, ya jure kafin ya tafasa shi ne digiri 205, na tsere kuwa yakan haura 300. In ya tafasa, ƙafa sai ta nutse har ƙasa ba abin da ya kama. Mustang ta 1965 da ta 1966 tukunyar man birki ɗaya gare su mai ciyar da ƙafafu huɗu, bututu ɗaya ya fashe shi ke nan. Ba mai hankalin da zai bar ta haka.

Daga nan sai aikin da na fi so a duk sana'ar, wanda girmansa inci ɗaya ne tak. Kowace tayar gaba ta tsohuwar Mustang hannuwa biyu na ƙarfe ke riƙe da ita, na sama da na ƙasa. Yadda kamfani ya ɗaura na saman, idan mota ta shiga kwana ta jingina, kan tayar waje, wadda nauyi ya koma kanta, sai ya karkata waje shi ma. Maimakon tafin taya duka ya taka kwalta, sai gefenta kawai ya rage yana ci. Komai faɗin tayar da aka saya, asarar kuɗi ce. Maganin shi ne a sauko da inda hannun sama ke ɗaure a jikin mota da inci ɗaya, milimita 25. Makaniki zai cire sifirin, ya kwance hannun, ya ɗaura wani ɗan farantin ƙarfe mai alama a tsofaffin ramukan, ya huda sababbi biyu a ƙasansu, ya mayar da komai, sannan ya koma ɗaya gefen. Yanzu idan motar ta jingina, kan taya ciki yake shigewa, tafinta ya zauna daram a ƙasa. Injiniyan Ford Klaus Arning ne ya yi lissafin, Carroll Shelby ya yi amfani da shi a Mustang GT350 ta 1965, motar da ta ci gasar ajinta ta ƙungiyar SCCA shekara uku a jere, daga 1965 zuwa 1967. Masu Camaro suna da irin nasu gyaran, mai ɗauke da sunan Dick Guldstrand. Kuma a nan ake gane wanda ya iya, domin mai zalama zai ce in inci ɗaya ya yi daɗi, biyu ya fi. Da ya zarce, gaɓar da ke haɗa hannun da ƙafar taya sai ta kai iyakar lanƙwasarta ta cije, wata rana ta karye ana cikin gudu.

Bayan motar ba shi da wannan sarƙaƙiya. Aksul ne guda ɗaya kan sifirin mai ganye, irin wanda ke ƙarƙashin a-kori-kura, kuma yakan zame hagu da dama a kwana, sai a ɗaure shi da sandar Panhard. Bodin kansa yana murɗewa, don haka ake walda ƙarafa a ƙasa su haɗa gaba da baya, a ƙera kejin bututu a ciki wanda ke tsare direba kuma ya ƙara wa motar tauri. Tankin man tsohuwar Mustang samansa ne daɓen but, saboda haka masu tsere kan sauya shi da wanda ba ya saurin fashewa.

Akwai kuma makashin inji na ɓoye, wanda mai tuƙi a titi ba zai taɓa haɗuwa da shi ba. Wanda ya taɓa riƙe daro cike da ruwa a bayan mota ya san abin da ke faruwa in an sha kwana. Haka baƙin mai yake yi a kaskonsa da ke ƙasan inji. A doguwar kwana man duka sai ya tattaru gefe guda, bakin famfo ya zuƙi iska, kuma daƙiƙa kaɗan sun isa inji ya buga. Gwanaye sukan yi wa kaskon ɗakuna a ciki, da ƙananan ƙofofi masu buɗewa ta fuska ɗaya, mai ya shiga wajen famfo amma ya kasa fita. Wasu su ƙara tulun Accusump, wanda ke ajiye mai cikin matsi ya tura shi da zarar famfo ya gaza. Ba wanda zai ga wannan aiki a wajen baje kolin motoci, amma shi ke sa mutum ya koma gida da injinsa.

Nauyi ma abokin gaba ne, musamman na gaba, inda injin ƙarfe ya danne hanci. Shelby ya mayar da batir cikin but, ya cire kujerar baya. A gasar Trans-Am, wadda aka fara a 1966 da sharaɗin kada inji ya wuce lita biyar, Roger Penske da direbansa Mark Donohue sun kai abin maƙura: sun sa an tsoma bodin Camaro cikin asid don ƙarfen ya sirance. Wayo ne da ya tsallake doka, ba na yaba shi. Amma Donohue injiniya ne, ya yi karatu a jami'ar Brown, kuma nasarar da ya yi a tsere goma cikin goma sha uku a 1968 daga awo da gwaji ta fito. Injinsa bai kai girman na wasu motocin da ake sayarwa a kasuwa a lokacin ba.

Yau mai kuɗi yana iya sayen ƙafafun gaba sababbi fil daga kamfani irin Detroit Speed, ya sa injin LS na alminiyam da giya shida, har a wayi gari ba abin da ya rage na asali sai fatar motar. Irin waɗannan motoci suna gudu, ba musu. Ni dai hankalina ya fi kwanciya da wanda ya bar wa motar ƙashinta ya gyara mata tafiya. Irinsa za a gani a gefen fili riƙe da ma'aunin zafi, direba na tsayawa ya ruga ya soka tsinken a tafin taya wuri uku, ciki da tsakiya da waje, kafin ta huce. Tsakiya ya fi zafi, iska ta yi yawa, a rage. Waje ya fi zafi, taya ba ta karkata ciki yadda ya kamata ba, sai a koma kan siraran ƙarafan da ake cusawa a gindin hannun sama. A Camaro ƙara su ake yi, a Mustang ta 1965 kuwa cire su ake yi, domin hannun nata ta ɗaya fuskar yake ɗaure.