Yadda Mai Goge Ke Yi wa Ciwo Awo

Ciwo ba shi da awo. Yakan zo da tsakar dare ko ana tsakiyar biki, ya daɗe yadda ya ga dama, ya tafi ba sallama. Kiɗa kuwa awo ne tsantsa: bugu kaza, numfashi kaza, sannan a koma inda aka faro. Makaɗin da ke zaune da doguwar jinya, wanda zuciyarsa ta sha wuya tare da jikinsa, aikinsa shi ne ya kamo marar awo ya zuba shi cikin mai awo. A Yamai, Hausawa da Zabarmawa sun daɗe suna kai kukansu ga goge, don haka a hannun mai goge ya fi kyau a duba yadda ake wannan aiki.

A fara da kayan aikin. Jikin goge rabin ƙwarya ne, ana ce masa kumbo. Ba kowace ƙwarya ake ɗauka ba. Mai haɗawa yakan ƙwanƙwasa ta da yatsa ya kasa kunne, domin mai kauri sosai tana danne amo, marar kauri kuma ba ta jure ɗauri. A bakinta ake shimfiɗa fatar guza ko ta damo tana jiƙe, a ja ta kowane gefe, a kafe ta, a bar ta ta bushe ta ɗame kanta. A gefe guda na fatar a yanke 'yar kafa zagayayya, ta nan amo ke fita. Sai a soka sanda ta ratsa kumbon. Daga kan sandar zuwa gindinta ake ɗaura tsagiya, wato gashin wutsiyar doki, sili da yawa da aka tattara suka zama tsirkiya ɗaya. Ƙarƙashinta akwai ɗan itace da ke tsaye a kan fata, sunansa jaki, shi ke tokare tsagiya yana miƙa wa fata kowane motsinta. Abin gogawar kuma izga ce, ɗan baka lanƙwasasshe, shi ma da gashin doki. Kafin a soma sai an shafa wa gashin ƙaro. In babu ƙaro, gashi ya riƙa zamewa a kan gashi ke nan, kunne ba zai samu komai ba.

Hannun hagu shi ke riƙe da sirrin. Mai goge ba ya danne tsagiya har ta taɓa sanda yadda mai gita ke yi. Yatsu suna sauka a kanta ne kawai, su rage tsawon ɓangaren da ke karkarwa, murya ta hau. Su ɗaga, ta sauka. Babu zane, babu alama a jikin sanda da za ta ce ga wurin. Kunne ne ke nuna wa yatsa, kuma kuskuren da bai kai faɗin ƙwayar gero ba ya isa ya ɓata kari. Galibin kiɗan ƙasar nan a kan muryoyi biyar yake tafiya, sauran armashin duk daga tsakaninsu yake fitowa: yatsa ya zame a hankali daga wannan murya zuwa waccan, ko ya yi rawa a wuri ɗaya. Da yake Hausa da Zabarmanci harsuna ne masu hawa da saukar murya, gwani yana iya bin karin magana da izga, har wanda ya san taken ya ji kalmomi alhali ba wanda ya buɗe baki.

Goge yana jin yanayi. Da damina fata takan saki, amo ya dushe, sai an kara kumbon kusa da garwashi ko an shanya shi a rana ta sake ɗamewa. Da bazara, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40 a watan Afrilu, bushewa ce abin tsoro, ƙwarya na iya tsagewa. Makaɗin da ke da amosanin jini, wanda ake kuma kira sikila, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan, don jikinsa ma haka yake da yanayi. Wannan cuta gadonta ake yi daga uwa da uba. Jajayen ƙwayoyin jinin mai lafiya zagayayyu ne masu laushi, suna yin kwana 120 suna aiki. Na mai sikila sukan lanƙwashe su yi siffar lauje, su taurara, su mutu cikin kwana 10 zuwa 20, kuma kafin su mutu sukan cushe ƙananan hanyoyin jini. Inda jini ya kasa kaiwa, nan ciwo ke tashi: ƙugu, baya, ƙirji, gaɓoɓin hannu. Ƙishirwa na tayar da shi, sanyin hunturu na tayar da shi, haka gajiya da zazzaɓi.

Saboda haka matakin farko na wannan sana'a ba ya ma kama da kiɗa. Tsara yini ne. Gorar ruwa na gefensa kullum, yana kurɓa tun ƙishirwa ba ta zo ba. Atisaye da sassafe ko bayan la'asar, ba da rana tsaka ba. A watan Disamba da Janairu sai ya ɗumama tafin hannu, ya murza yatsu ɗaya bayan ɗaya kafin ya ɗauki izga. Yana yanka atisayen gunduwa-gunduwa, ya yi kaɗan ya huta, maimakon ya zauna sa'o'i a jere. Ya san zaman da ba ya matsa wa ƙugu, ya san inda zai ɗora kumbo don kafaɗa ta samu sauƙi. In an kira shi biki biyu a dare ɗaya, ya karɓi ɗaya ya tura yaransa ɗayan. Mai lafiya yana iya ɓarnar ƙarfi ya kwana ya mayar. Shi kuwa ƙididdige yake kashe nasa, kuma wannan tsimi yakan fito a kiɗansa: ba jan izga na banza, ba adon da ba shi da aiki.

Mataki na biyu shi ne kamu. Mutane sukan zaci a tsakiyar azaba ake tsara waƙa. Wanda ciwon ƙashi ya kayar ba ya tsara komai, neman numfashi yake. Abin da kan rage bayan ciwo ya lafa ɗan guntu ne: nishin da ya yi ta maimaitawa har ya samu kari, ko kalma uku da ya riƙa faɗa a duhu, ko tazarar da ke tsakanin sukar ciwo da mai bi mata. Ƙwararre ba ya barin wannan guntu ya salwanta. Da can gunguninsa ake yi ta yi har ya zauna a ka. Yau ana ɗaukarsa a salula. Daga nan sai a ajiye shi. Bayan kwanaki, jiki ya dawo, hankali ya kwanta, sai a sake saurare da kunnen baƙo. Mafi yawa zubarwa ake yi, don ba duk abin da ya fito daga wahala ne ke da kyau ba. Wanda ya tsira daga wannan tankaɗe shi ake ɗora wa gini.

Ginin kuwa da maimaici ake yin sa. Mai goge ya ɗauki guntun nan ya nemo masa mazauni a tsagiya, ya ja shi da doguwar izga a hankali, ya sake ja, ya sauya wutsiyarsa kaɗan, ya dawo. Sai ya kira 'yan ƙwarya, waɗanda ke kife manyan ƙore a ƙasa suna bugu da 'yan sanduna, ya ba su taki. Da zarar sun kama, nauyin lokaci ya sauka daga wuyansa ya koma nasu. Sannan ya yanka wa 'yan amshi layi gajere mai sauƙin riƙewa. Nan hikimar take: duk sanda amshi ya shigo, jagora ya samu sararin jan numfashi, ya sassauta yatsu, ya gyara zama. Mai sauraro yana jin daɗin karɓa-karɓa, bai san an gina wa marar lafiya wuraren hutu a cikin waƙar ba. A ranar da jiki ya ƙi, sai a tsawaita amshi a rage baiti, kuma taro ya watse ba wanda ya lura.

Wannan alaƙa ta goge da jinya tsohuwa ce. A bori na ƙasar Hausa da holle na Zabarmawa, goge da ƙwarya su ne kan gaba, kowane iska da takensa da kirarinsa, kuma yawancin masu shiga ta ƙofar rashin lafiya suke shiga, ta jiki ko ta hankali. Malamai sun daɗe suna hani da wannan al'ada, kuma jama'a da dama sun bar ta. Amma duk matsayin da mutum ya ɗauka a kanta, akwai ilimin sana'a da makaɗanta suka tara: karanta fuska da numfashin wanda ake yi wa kiɗa, sanin lokacin ƙara wuta da lokacin sassautawa, haddace take masu yawa ba tare da takarda ba. Marigayi Sa'adu Bori na Maraɗi ya ɗebo daga wannan rumbu ya kai shi dandalin kiɗan zamani, kamar yadda ake ji a faifan Niamey Twice da suka fitar da Moussa Poussy a 1994.

Saura kalmomi, kuma su ne suka fi wuya, musamman in ciwon na zuciya ne. Doguwar jinya takan jawo damuwa mai nauyi: rashin barci, ɗebe tsammani, jin cewa mutum ya zame wa danginsa kaya. A Yamai ba kowa ke iya furta wannan ba, a garin da sunan Pavillon E, sashen masu taɓin hankali na babban asibitin ƙasa, ya zama abin tsokana a bakin wasu. Kunya da kara sun hana a ce "ni ne". To, mawaƙi yana da hanyoyi. Ya mayar da "ni" ta zama "mu" ko "bawan Allah". Ya sa damuwar a bakin matafiyi, ko maraya, ko manomin da fari ya cinye wa gona. Ya nannaɗe ta da addu'a da godiya, ya bar wa goge ya faɗi abin da harshe ya ji nauyinsa. Aliyu Namangi na Zariya, wanda ya makance tun yana yaro, ya tsara Imfiraji da ka, baiti mai layi biyar-biyar, ya mayar da jarrabawar duniya wa'azin da har yau ake rerawa. Wasu kuma sukan zaɓi fitowa fili. Adekunle Gold na Legas ya ambaci fama da sikila a waƙarsa 5 Star a 2022. Sakayawa da bayyanawa duk dabaru ne. Gwaninta ita ce sanin wadda taron da ke gabanka zai iya ɗauka.

A fada, wato majalisar hira, ana jiran shayi na uku ya nuna, ba wuya ka ji an yanke hukunci a taƙaice: baiwa ce, ko kuma wahala ce ta koya masa. Masu wahala suna da yawa a gari, masu goge kaɗan ne. Wanda ya leƙa cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM Taya, da ke Yamai, ko ya zauna a zauren wani tsohon makaɗi, zai ga abin da ke tsakani: yaro yana jan izga a kan murya ɗaya har ta daina kukan ƙofa, ana mayar da shi baya, yana sakewa.

Goge ba ya gyara ƙwayar jini, ba ya maye gurbin likita. Mai sikila yana bukatar maganinsa da zuwa cibiyar ƙasa ta masu amosanin jini da ke Yamai. Mai ciwon damuwa yana bukatar wanda ya karanci ciwon. Masu shirin aure suna bukatar gwajin jini, tunda in dukansu biyu suna ɗauke da irin cutar, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da ita. Makaɗin kirki ya san haka, shi ya sa ba ya yi wa ciwonsa kirari, ba ya kuma fatan yaronsa ya ɗanɗana shi don ya iya kiɗa. Abin da yake miƙa wa yaron shi ne yadda ake zaɓen ƙwarya, yadda ake shafa ƙaro, inda ake barin gurbi don amshi, da haƙurin ajiye guntun kari har ya huce kafin a taɓa shi. Yaron da ya riƙe waɗannan, ranar da tasa jarrabawar ta zo, ta kowace fuska, zai tarar yana da abin yi da ita.