A Wane Wata Aka Ɗauki Hoton Gonar?

Wanda ya ɗauki hoton gonar gero a watan Afrilu, ya sake komawa a Agusta, zai rantse ba gona ɗaya ba ce. A bazara ƙasa ce fara fat, sai guntayen kara da kashin shanu. Da damina ta yi nisa kuwa, gero ya fi mutum tsawo, wake ya malale tsakanin kunya, ko hanyar shiga sai an laluba. Matsalar hoton karkara ke nan: ba ya faɗin watan da aka ɗauke shi.

Tun daga farin shekarun 1970 da na 1984, jaridun Turai suka saba buga hoton Sahel na rani, ƙasa a tsattsage, dabbobi a rame, har duniya ta ɗauka hamada ta gama cinye komai. Hotunan ba ƙarya ba ne, amma rabin labari ne.

Sauran rabin ya fito ne daga masu maimaita hoton wuri ɗaya. Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka da Chris Reij ɗan ƙasar Holan sun jera hotunan sama na ƙauyen Galma da ke jihar Tawa a Nijar, na 1975 da na 2003. A na farko itatuwa jefi-jefi ne, a na biyu kuwa gonakin sun cika da ɗigo-ɗigon baƙi, kowane ɗigo itace. Da irin wannan kwatance aka ƙiyasta cewa manoman Nijar, musamman a Maraɗi da Damagaram, sun raya itatuwa kusan miliyan 200 a hekta miliyan 5, ta hanyar sassabin zamani, wato barin tohon kututture ya girma maimakon a sare shi.

Gawo shi ne gwanin rikita baƙon mai ɗaukar hoto. Da damina, lokacin da komai ya yi kore shar, shi sai ya kakkaɓe ganyensa ya tsaya tsirara, baƙo ya ce ai mataccen itace ne. Da rani ya shigo sai ya yi lif da ganye. Manomi ya san dalilin barinsa: ba ya tare wa gero rana, ganyensa taki ne, 'ya'yansa abincin awaki.

Hunturu na da tasa fitinar, don hazo kan mayar da komai ruwan toka. Kaka ce ta fi kowane lokaci kyau a hoto, damman gero jere a bakin rumbu, musamman da la'asar sakaliya, shi ya sa ita ma ake yawan yi mata son kai.

Yau wayar hannu ta shiga ƙauyuka. Mai son aikinsa ya yi amfani sai ya zaɓi alama ɗaya, kuka ko rijiya, ya riƙa tsayawa nan kowane wata, ya rubuta sunan garin da ranar da ya ɗauka.